Rumbun da Giwa Ta Gina wa Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara Kurege ya noma gyaɗa, ta yi kyau har raminsa ya kasa ɗauka. Giwa ta zo wucewa, ta ce abin kunya ne mai arziki irinsa ya riƙa ɓoye amfani a ƙasa kamar ɓera. Ita za ta gina masa rumbu kyauta, don zumunci. Kurege kuwa akwai son a sani, ya ce a yi shi ya fi na kowa tsawo.

Aka yi rumbu, bakinsa can sama, jikinsa sumul. Giwa ta juye gyaɗar a ciki. Da yunwa ta zo, Kurege ya hau ya zamo, ya hau ya zamo.

"Ranki ya daɗe, a ɗan ɗebo mini."

"Ai abinka ne," in ji Giwa. Ta ɗebo, ta ɗanɗana ko ta yi danshi, ta miƙa masa ragowa.

Kullum sai an ɗanɗana. Kurege ya rame, ya tafi wurin Raƙumin Dawa, wanda ba ya ga maciji da Giwa, ya kai kuka. Raƙumin Dawa ya ce lallai ana cutarsa, daga yau shi zai riƙa ɗebo masa.

"Ai abinka ne," in ji shi. Ya ɗebo, ya ɗanɗana.

Masu ɗanɗano suka zama biyu, ga damina ta ƙarato. Tsoro ya kama Kurege, don in iri ya ƙare, shi ma ya ƙare. Sai ya tuna sana'ar ubansa. Ya haƙa rami har gindin rumbu, ya huda, ya janye ɗan abin da ya rage. Sannan ya raɗa wa kowannensu cewa ɗayan na shirin kwashe rumbun gaba ɗaya.

Giwa ta tsaya gabas, Raƙumin Dawa ya tsaya yamma, kowa na hararar kowa, ba mai barin wani ya leƙa. Suna nan suna gadin iska, Kurege na kwashe kashinsu yana kaiwa gona a matsayin taki.

Da gyaɗa ta tsiro, Giwa ta tambaye shi ina ya samo iri.

"Ai abina ne, ranki ya daɗe."

Ƙurunƙus kan kurege. In babba ya ce zai gina maka rumbu, ka gode masa, amma ka fara auna tsawonka.