Manomin da Ya Diro Daga Bakin Sama

Akwai wani manomi mai gona a bakin rafi, da matarsa mai haƙuri, sunanta Tabita. Ba ya shan giya, ba ya faɗa da maƙwabta. Ciwonsa ɗaya ne: yana son faɗowa daga sama.

Abin ya faro tun yana saurayi, ranar da reshen ɗorawa ya karye da shi. Tsakanin reshe da ƙasa, na tsawon numfashi ɗaya, ya ji zuciyarsa ta yi sakayau, kamar an sauke masa kayan da bai san yana ɗauke da su ba. Ƙafarsa ta warke cikin wata biyu. Marmarin wannan numfashi kuwa bai warke ba.

Sai ya shiga nemansa. Ya diro daga kan rumbu, ya diro daga kan gada cikin kogi, ya diro daga dutsen bayan gari cikin tafki. Kowane karo abin yakan zo ya taɓa shi, ya wuce kafin ya ce masa sannu da zuwa. Sai ya yi tunani irin na masu ilimi, ya ce, "Tsayin ne bai isa ba. In na faɗo daga nesa, daɗin zai daɗe."

Wata shekara waɗansu baƙi suka sauka a wani fili mai nisan tafiyar yini. Sun zo da balan-balan wanda ya fi ɗakin sujada girma, da kwando ɗaure a gindinsa. Suna neman wanda za su tura can inda tsuntsu ba ya kaiwa, ya diro, sa'an nan ya buɗe lema ta sauko da shi. Mutanen ƙasar duka suka ce da ma sun san mai aikin.

A ranar da saƙon baƙin ya iso wa manomin ne aka yi ruwan shuka. Shuka kuwa aikin mutum biyu ne: ɗaya yana gaba da sungumi yana sara, ɗaya yana biye yana zuba iri yana binnewa da ƙafa. Danshin ƙasa kuma ba ya jiran kowa.

Tabita ta ce, "Maigida, ƙasa ta jiƙe. Kwana uku ne, ka sani."

Ya ce, "Wannan ne na ƙarshe, Tabita. In na samu na riƙe, ba zan ƙara hawa ko turmi ba."

Ta ce, "Haka ka ce a kan gada. To, wa zai sara mini?"

Ya ce zai dawo kafin ƙasa ta bushe, tunda saukowa ba ta da wuya. Ya tafi.

Baƙin suka sa masa riga mai kauri da hular gilashi kamar tukunya, domin can sama babu iskar shaƙa. Ya shiga kwando. Ya yi ta hawa har gizagizai suka koma ƙarƙashinsa, har sama ta yi baƙi da rana tsaka, duniya ta lanƙwashe kamar bayan ƙwarya. Ya tsaya a bakin kwando, ya ce a ransa, "Yau kam sai na ƙoshi." Ya saki ƙafa.

Abin ya zo, ba shakka. Zuciya ta yi sakayau. Ya ja numfashi ɗaya, ya ja na biyu, sai ya tarar daɗin ya riga ya tafi, daidai kamar a kan ɗorawa. Ga shi kuma da sauran tafiya. Ya yi ta faɗowa, yana faɗowa, har ya ji yunwa. Masu ba da labarin sun ce har hamma ya yi. Marmarin da ya gudu ya bari a gida kuwa, ashe tare suka shiga rigar.

Ya ja igiya, lema ta buɗe. Iska ta ɗauke shi sannu a hankali, ta bi da shi ta kan garinsu. Ya duba ƙasa, ya ga gonaki. A kowace gona akwai ɗigo biyu, ɗaya gaba, ɗaya baya. A gonar bakin rafi ɗigo ɗaya ne. Yakan tafi har ƙarshen layi, ya dawo farko, ya sāke bin layin.

Ya kira, "Tabita!" Muryarsa ta tsaya cikin tukunyar gilashi. Ya harba ƙafafu don ya yi sauri, amma lema ba ta da gaggawa. A duk rayuwarsa bai taɓa son wani wuri kamar yadda ya so gaban matar nan ba, da sungumi a hannu. Iska ta wuce da shi, ta ajiye shi bayan gari uku.

Da ya iso gida, ƙasa ta bushe. Rabin gona kawai aka shuka.

Tabita ta ce, "Ka riƙe shi?"

Ya ce, "Numfashi ɗaya."

Ta ce, "To, zauna ka ci tuwo. Sai mu jira wani ruwan, in Ubangiji ya bayar."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Marmarin manomin ba zunubi ba ne. Allah ne ya sa mana wannan ƙishi a zuciya domin mu neme shi, kuma wani lokaci yakan ɗanɗana mana kaɗan, a cikin waƙa, ko addu'a, ko ma tsakanin reshe da ƙasa. Kuskuren shi ne mu ɗauka cewa in mun ƙara tsayi za mu ƙoshi. Ba kowa ne yake da balan-balan ba, amma wani babur ne nasa, ba ya jin yana da rai sai allurar da take nuna gudu ta kai ƙarshe. Wani kuma babban taro ne: bai gama shafe gumin wannan ba yana tambayar ina za a yi na gaba, ko can ne Ruhu zai fi sauka.

Ƙoshin nan yana zuwa, amma a gaban Ubangiji yake, ba a iya hawa a tsinko shi. Kafin ranar, ya ba kowannenmu gona da kwanakin danshi. Kowa ya tuna yanzu: wa ya bari yana sara, yana komawa yana binnewa shi kaɗai? Ku kam kuna ƙasa, muryarku za ta kai. Ku je yau.