Yadda Tautau Ta Kulle Ƙofofin Babe

Dalilin da ya sa ƙwaro ke sandarewa da zarar tautau ta cije shi, alhali ransa bai fita ba, ya samo asali ne daga wata damina mai nisa. Ku matso kusa ku ji.

A wancan zamani tautau ba ta da dafi, saƙa kawai ta iya. Akwai wata Tautau da ta ɗaure ƙwayayenta a bayan rumbu, sun kusa ƙyanƙyashewa, ita kuwa yunwa ta kusa kayar da ita. In ta mutu, tururuwa za su kwashe su.

Kullum Babe, ƙaton fara, sai ya faɗa cikin saƙarta, ya yi harbi da ƙafa ya yaga ta.

"Sannu da aiki, masaƙiya!" in ji shi. "Gobe ki ƙara kauri, wannan ko ƙaiƙayi bai yi mini ba."

Tautau ta tashi. Ta tafi wurin tsohuwa Kaska, wadda ta tsufa a jikin dabbobi, ta ce, "Iya, me ke motsa ƙafar Babe?"

"Saƙo ne daga kansa, 'yar nan. Jijiya hanya ce, a jikinta akwai ƙofofi ƙanana a jere. Saƙo ya iso, ƙofa ta buɗe, gishirin jiki ya shiga. Shigarsa ce ke ƙwanƙwasa ta gaba. Haka har ƙafa ta ji."

Tautau ta koma ta dafa wani ruwa a cikin bakinta, mai kama ƙofa ya riƙe. Da Babe ya zo, ta cije shi. Ashe a buɗe ruwan ya riƙe ƙofofin. Gishiri ya yi ta kwarara, Babe ya hau karkarwa da harbi kamar mai bori, ya tsinke saƙar duka, ya karya mata ƙafa ɗaya, ya tsere.

Ta ja jiki ta koma wurin Kaska.

"Ki haƙura mana, ki koma cin raɓa," in ji tsohuwar.

"Raɓa ba za ta raya 'ya'yana ba, Iya. Faɗa mini, yaya ƙofa ke sanin an ƙwanƙwasa?"

Kaska ta yi dariya. "Ja'ira! Kowace ƙofa da kunnenta a gefe."

Tautau ta sake dafa wani ruwan. Wannan ba ruwansa da bakin ƙofa, kunnen yake nema ya liƙe masa. Ta yi ta gyara shi har ya dace da kunnen ƙofar fara, don ba kowace halitta ke da ƙofa iri ɗaya ba. Sannan ta sake saƙa, tana ɗingishi.

Babe ya faɗo yana dariya. "Gurguwa, ba ki daddara ba?"

Ta cije shi. Kansa ya aika wa ƙafa cewa ta yi harbi. Saƙon ya ƙwanƙwasa ƙofar farko, ba ta ji ba. Ya sake, shiru. Babe yana kallon ƙafarsa, ƙafar kuma ko motsi.

Tautau ta naɗe shi a hankali, ta ci ta ƙoshi. Da ƙwayayen suka fashe, 'ya'yan suka tarar da uwarsu a tsaye tana gadinsu.

Ruwan nan biyu duk ta bar wa zuriyarta. Shi ya sa har yau wani ƙwaron in an cije shi sai ya yi ta karkarwa, wani kuma ya sandare, saƙo na ƙwanƙwasa ƙofa, ƙofa ba ta ji.