Lafiya Lau ɗin Auta

Auta mace ce mai kunya tun tana ƙarama, kuma kunyar ta biyo ta har ɗakin aure. Ba ta da rowa, ba ta da ƙyuya, ba a taɓa jin ta da kowa ba. Aibinta ɗaya ne, ba ta iya buɗe baki ta ce ga abin da ke damunta. Ko ƙaya ta taka, in ka tambaye ta sai ta ce maka lafiya lau, tana ɗingishi. A gida wannan bai taɓa cutar da ita ba, domin Innarta ta san halinta. In ta ce lafiya lau, Inna sai ta dube ta da wutsiyar ido, ta bari a gama gaishe-gaishe, sannan ta ja ta ɗaki ta ce, “To, yanzu faɗa mini gaskiya.” Sai an yi wa Auta tambaya ta biyu take magana.

Tana da ciki wata biyar ta bi mijinta ƙasar da yake aiki. Shi direban motar ɗaga kaya ne a wani katafaren sito, ya fita da sassafe, sai yamma liƙis ya dawo kafaɗunsa a sage. Gidansu ɗaki ɗaya ne da falo a hawa na huɗu. Akwai hitar ɗumama ɗaki a ƙarƙashin taga da ke ƙas-ƙas kamar ana fasa gyaɗa, da ƙofa mai kulle kanta in iska ta tura ta, shi ya sa Auta ke rataye da makulli a wuya ko shara za ta kai. Injin wanki yana can ƙasan bene, na duk mazauna gidan ne. Mijin nata ya ɗiga mata jan fenti a kan maɓallai biyun da za ta riƙa dannawa. Ya kuma rubuta mata kalmomi huɗu na harshen ƙasar ya manna a jikin firji: sannu, na gode, to, lafiya lau. Ta haddace su a rana ɗaya, ta ƙarshen kuwa ta fi zama a bakinta.

A hawa na ƙasa akwai wata mata ’yar can gida, mai yin kitso a falonta, shekararta ashirin da biyu a ƙasar. Kowa Anti Mai Kitso yake ce mata. Mace ce mai faɗin jiki da faɗin baki, in ta yi dariya har hawa na huɗu ana ji. Tun ranar farko ta ce wa Auta, “Ƙanwata, ƙofata ba ta da sakata. Ko gishiri ne ya ƙare, sauko.” Auta ta ce to. Ba ta taɓa sauka ba. Gani take matar tana da aikinta, me zai sa ta ɗora mata nauyi?

Da Allah ya sauke ta lafiya, ta sami namiji. Aka sa masa sunan mahaifin maigidan, don haka uban ke kiransa Babana. Mako uku na farko yaro yana sha yana barci, kumatu suka fara fitowa. A mako na huɗu ne ya fara dawo da nono.

Da maigidan ya gani a kafaɗar rigarta, dariya ya yi. “Tumbuɗi ne. Babana ƙiba zai yi, ki shirya bayanki.”

Auta ta yi murmushi. Amma ita ta yi renon ’ya’yan yayyenta, ta san tumbuɗi. Tumbuɗi dalala yake yi a gefen baki, yaro na wasansa. Wannan kuwa feshi ne. Yana gama sha sai cikinsa ya motsa kamar ana murza shi daga ciki, nonon ya yi tsalle har jikin bango, sannan ya buɗe baki yana neman wani kamar bai taɓa sha ba. Ta lura kuma famfas ɗin da take canzawa sau shida ya koma sau huɗu. Duk ta gani. Ta so ta faɗa, sai ta dubi mijin ya miƙe a kujera takalmi ɗaya a ƙafa barci ya kwashe shi. Ta ce a ranta, gobe dai akwai awo, can zan faɗa.

Ta kwana tana shirya yadda za ta nuna da hannu. Da safe ta naɗe yaro a bargo biyu, ta sa shi a kekensa na jarirai, ta yi jiran lif, ta hau bas ɗin da mijin ya nuna mata, tana ƙirga tasha har ta biyar.

Nas ɗin ɗakin awon doguwa ce mai fara’a, tabarau rataye a ƙirjinta. Ta nuna wa Auta kujera, ta buɗe katin yaron, ta ɗauki biro, ta nuna jaririn ta yi tambaya. Auta ta gane ma’anar daga muryar: yaya yaro?

Ta amsa da kalmarta ta jikin firji. “Lafiya lau.”

Nas ta nuna ƙirji, wato yaya shan nono.

“Lafiya lau.”

A wajen Auta gaisuwa ake yi. Wa zai shiga wajen mutum, ko zama bai gyara ba, ya fara zazzage masa matsala? Jira take a gama, nas ta ajiye biro, ta matso ta yi mata tambaya ta biyu. Ta ga dai ana rubutu duk lokacin da ta amsa, amma ba ta kawo komai a ranta ba. Aka ɗora yaro a sikeli. Nas ta ɗan tsuke baki, ta ɗaga wayar tebur tana nuna wa Auta, tana wata doguwar magana. Tambayarta take ko a kira mata tafinta. Auta ta ɗauka cewa ake ko tana da wanda zai zo ya ɗauke ta, ta girgiza kai da murmushi ta ce na gode. Nas ta rubuta rana a kati, ta ɗaga yatsu bakwai, ta rufe katin, ta miƙe ta buɗe ƙofa. Wata mata da tagwaye har ta turo kekenta.

Auta ta tsaya a baranda da katin a hannu. Ba a yi tambaya ta biyu ba. Ƙofar na nan taku uku daga inda take. Ta dube ta, ta dubi layin matan da ke jira, ta ji kamar duk ita suke kallo. Ta juya keken ta nufi tashar bas.

Da yamma maigidan ya ce, “Me suka ce?”

“Sun ce a dawo bayan kwana bakwai.”

“Kin gani ko? Da da matsala ai da sun riƙe ku. Mutanen nan ba sa wasa da yara.”

Washegari Inna ta kira. Hoton wayar yana tsayawa yana tafiya. “Auta, yaya mai sunan malam? Yana sha?”

“Lafiya lau, Inna.”

Inna ta kawo fuskarta kusa da waya, ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai layin ya yanke. Auta ta zauna riƙe da wayar. Tana iya sake kira. Sai ta tuna hawan jinin Inna, da nisan da ke tsakani, ta ce me tsohuwa za ta iya daga can in ban da kwana ba barci? Ta kife wayar.

Kwana huɗu suka wuce a haka. Auta ta rage masa yawan sha, ta ɗaga shi a kafaɗa, ta kwantar da shi a karkace, duk dabarar da ta sani ta yi. Kafin maigidan ya dawo ta goge bango, ta canza zanen gado, don kada ya shigo da gajiya ya tarar da ƙazanta. Famfas ya koma biyu a yini. Kukan yaron ya sirance. A rana ta huɗu da hantsi ta shafa kansa, ta ji maɗigarsa ta faɗa kamar an danna da babban yatsa. Duk da haka abin da ta iya yi shi ne ta goya shi, ta kwashi tulin tsummokaran da suka ɓaci ta sauka ɗakin wanki, domin babu sauran mai tsabta ko ɗaya.

Can ta tarar da Anti Mai Kitso tana kwashe tawul-tawul daga inji.

“A’a, ’yar sama ce yau a ƙasa? Na ce ko mijin naki ya sa miki kwaɗo ne. Yaya angon nawa?”

“Lafiya lau, Anti.”

“Yaya jego?”

“Lafiya lau.”

Anti ta ci gaba da ninke tawul, amma idonta na kan kwandon Auta. Ta sa hannu ta ɗaga tsumma ɗaya, ta ɗaga na biyu, tsamin nono ya bugi hancinta. Ta ƙirga da ido har goma sha wani abu. Ta ajiye tawul ɗin, ta tura ƙofar ɗakin wankin da ƙafa ta rufe, ta jawo wani benci.

“Zauna. Mun gama gaisuwa. Yanzu faɗa mini gaskiya.”

Auta ta buɗe baki, hawaye suka riga maganar fitowa. Ta faɗi feshin, ta faɗi famfas, ta faɗi maɗiga. Anti ba ta bari ta ƙarasa ba, ta kwance goyon da kanta, ta ɗan ja fatar cikin yaron ta saki. Fatar ta tsaya a tattare.

“Kwana nawa?”

“Yau tara.”

“Ba ki je awo ba?”

“Na je. Ba ta tambaye ni ba, Anti. Gaisawa kawai muka yi.”

“Me ta ce miki?”

“Ta ce yaya yaro.”

Anti ta dafe kai. “Ƙanwata, ai tambayar ke nan. Nan ba a gaisuwa da biro a hannu. Sau ɗaya suke tambaya, abin da kika ce shi za su rubuta, su kira na bayanki.” Tana magana tana laluben waya a aljihun riga don ta kira motar da za ta kai su asibiti. Akwai wata mai jiran kitso a falonta da rabin kai a tsefe, Anti ta leƙa ta ce mata ta ɗaura ɗankwali ta dawo gobe.

A asibiti ba a sa su layi ba. Aka karɓe yaron, aka nemi jijiya a hannu ba a samu ba, sai a ƙafa aka sa masa ƙarin ruwa. Auta na tsaye jikin bango da zanen goyo a hannu, babu kowa a ciki. Aka yi hoton cikinsa. Likita, wani mai furfura a gemu, ya yi bayani Anti na fassarawa: ƙofar da abinci ke bi ya fita daga tumbin yaron ce ta tsuke, ba laifin nono ba ne, ba laifin uwa ba ne, ana haihuwar wasu yara da haka. Aiki ne ƙarami. Amma ba za a iya yi ba sai jikinsa ya dawo, domin ruwan jikinsa ya kusa ƙarewa. Ya buɗe katin awo, ya sa yatsa a kan layi biyu, ya tambaya a hankali, ba da faɗa ba.

Anti ta juyo. “Ya ce nan an rubuta uwa ta ce komai lafiya. Ya ce da an sani ranar, da tuni kun koma gida.”

Maigidan ya iso da rigar aiki, ko hular bai cire ba. Ya daɗe yana kallon ɗansa cikin wayoyi da robobi. Auta ta jira faɗa. Da ya juyo, muryarsa a dushe take.

“Kullum ina tambayarki.”

“Kana dawowa a gajiye.”

“Gajiyata ta fi Babana ne?” Ya zauna a kujerar gefenta, ya cire hular yana murzawa. “Ni ma na ga ramarsa. Da kika ce lafiya lau sai na ji daɗi, ban ƙara tambaya ba.”

Kwana biyu ana ƙarin ruwa, an hana Auta ba shi nono, tana ji yana kukan yunwa tana matse hannuwa a cinya. A rana ta uku aka yi aikin. Kwanansu takwas a asibiti. Ranar da ya sha ya riƙe, ta zauna da tsumma a hannu tana jiran feshi har ya yi barci, tsumman a bushe.

Anti ta zo ɗaukarsu da ’yar takarda. Ta rubuta mata jimloli biyu na harshen ƙasar: akwai matsala, da kuma ban gane ba, a kira tafinta. “Ki manna a saman waɗancan na firji. In na ƙara jin lafiya lau a bakinki, sai na yi miki kitson da ba za ki iya runtsa ido ba.”

Da ranar awo ta zagayo, nas mai tabarau ta buɗe kati, ta ɗauki biro, ta tambaya. Tsohuwar kalmar ta zo har bakin leɓen Auta. Ta haɗiye ta. Ta ɗaga rigar yaron, ta nuna gefen ɗinkin da ya ɗan yi ja, ta karanto jimlarta a karkace, harafi na cin karo da harafi. Nas ba ta yi dariya ba. Ta ajiye biro, ta sa tabarau, ta jawo kujerarta kusa.

Tabon yana nan a cikin yaron, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Kullum Auta ta zo wajen a wanka sai hannunta ya ɗan tsaya.

’Yan’uwana mata, musamman wadda ta yi nisa da gida da jariri a hannu, darasin da ke cikin labarin Auta shi ne: kunya ado ce, amma ba a yin ta a kan lafiyar yaro. Innar da ta san shirunki ba ta kusa, kuma ba ko’ina ake tambaya sau biyu ba. Abin da idonki ya gani, bakinki ya faɗa tun a tambayar farko, ko da hannu ne, ko da karyayyen harshe. In ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba. In an buɗe miki ƙofa ki shiga. Ku kuma mazaje da maƙwabta, in mai kunya ta ce muku lafiya lau, ku zauna ku sake tambaya.