Mutumin da Ya Kashe Kaifin Wuƙaƙen Gidansa

Yaya Lidiya, ranar Lahadi mai zuwa ni aka ce in tsaya gaban ajinki na yara a coci. Fasto ya ce tunda ni ƙanenki ne, yaran za su saki jiki da ni. Ke kuwa kin san karatuna bai yi nisa ba, bakina ma da nauyi. Na zauna in shirya darasi, ba abin da ke zuwa kunnena sai ƙarar nan ta yammacin Asabar, ke a tsugune kina wasa wuƙa, kina waƙa can ƙasan maƙogwaro. Shi ne na ce bari in ba su misali a kan wuƙa. Ga yadda na tsara shi. Da kina nan da kin gyara mini.

Akwai wani mutum manomi, gidansa na ƙarshen gari, dab da rafi. Yana da mata, da 'ya guda ɗaya tal, wadda suka daɗe suna roƙon Allah kafin ya ba su, suka sa mata suna Kyauta. Mutumin nan yana ƙaunar yarinyar ƙwarai, amma ƙaunarsa cike take da tsoro. In ta yi tari, shi ne zai kasa cin abinci. In ta hau kan turmi, sai ya ruga ya sauke ta.

Matarsa kuwa mai kula da kayan girkinta ce. Tana da babbar wuƙa ta nama, da ƙanana na albasa da kuɓewa. Ba ta barinsu cikin ruwan wanke-wanke. In ta gama aiki sai ta wanke su, ta goge da tsumma har su bushe, ta shafa musu ɗan man gyaɗa saboda tsatsa, ta soke su can sama a jikin zana. Ba a sara ƙashi da su, ba a tonon ƙasa da su. A gindin randa akwai wani dutse mai santsi da ta gada wurin uwarta, tsakiyarsa har ta lotsa don yawan aiki. Takan yayyafa masa ruwa, ta kwantar da bakin wuƙa ta ja, ta juya ɗaya gefen ta ja, ba gaggawa, sa'an nan ta gwada a ganyen masara.

Wata rana tuwo ya kama ƙauri, matar ta ajiye wuƙa a kan faifai ta ruga murhu. Kyauta ta ɗauka, ta yanke a yatsa. Yankan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Amma uban ya shigo daga gona ya ga jini a rigar 'yarsa.

Nan take ya tattara wuƙaƙen duka, ya tsayar da bakin kowace a kan dutsen, ya yi ta gogawa da ƙarfi har kaifin ya mutu. Sa'an nan ya ɗauki dutsen ya jefa a tsohuwar rijiya.

Matar ta ce, “Baban Kyauta, me ke nan ka yi?”

Ya ce, “Abin da ya ɗanɗani jinin 'yata ba zai ƙara yin kaifi a gidan nan ba.”

“Ni na ajiye ta ƙasa, ni za ka yi wa faɗa. Ka bari in koya wa yarinyar yadda ake riƙe ta.”

“Na gama magana.”

“To, in ka je kasuwa ka sayo mini haƙoran kura, da su zan riƙa yanka maka kuɓewa.”

Bai yi dariya ba.

Daga ranar nan tumatir sai dai a murƙushe shi, nama sai dai a yage. Abin da matar ke yi a da da taɓawa kawai, yanzu sai ta danna da dukan ƙarfinta. Mutumin kuwa hankalinsa ya kwanta. Yakan shafa bakin wuƙa da babban yatsa, ya ji kamar bayan cokali, ya ce a ransa ya tsare gidansa.

Ana nan damina ta sauka. Wata safiya matar tana fama da kabewa, ta danna, wuƙar ta zame daga ɓawon ta shige tafin hannunta. Ba yanka mai tsabta ba, yaga ce, mai baki kaca-kaca.

Ta ɗaga masa hannun, jini na bin gwiwar hannunta, ta ce, “Ka gani? Mai kaifi inda aka nuna mata take bi. Wannan inda ta ga dama take zuwa.”

Ya ce, “Dakusasshiya ta yi haka, ina ga mai kaifi?”

Ciwon ya ƙi warkewa, ya kumbura, har ya zama sai ta riƙa zuwa ƙauyen gaba ana wanke mata shi. A lokacin nan shuka ta fito, kowa ya ɗaure dabbobinsa don kada su yi ɓarna. Akuyarsu a bakin rafi ake ɗaure ta, a jikin wani kututture, inda ciyawa ta yi kyau. Igiyar kuwa ta rama ce mai kauri, shi da kansa ya tufka ta, ya ninka, don kada ta tsinke. Matar ce ke kunto akuyar kowace la'asar.

Ran nan matar ba ta dawo da wuri ba. Kyauta ta ji akuya na kuka, ta ce bari ta yi aikin mamarta.

Ga shi kuwa, a garinsu ko ɗigo bai sauka ba, rana ma tana haske. Amma can kan duwatsu an kwana ana ruwa, an wuni ana yi. Mutumin ya dawo daga gona ke nan, yana jingine fartanya, sai ya ji wani ruri daga sama da rafi, kamar garken shanu a guje. A cikin rurin ya ji wata ƙaramar murya.

Ya leƙa ta kan zana. Ya ga jan ruwa ya cika rafi yana hawowa. Akuya ta firgita, ta yi ta zagaye kututturen, igiya ta naɗe ƙafar yarinyar ta haɗa da itacen. Ya fizgi babbar wuƙa, ya ruga.

Kafin ya isa ruwa ya kai mata ƙugu. Ruwan ya riga ya ja akuyar, nauyinta ya ɗaure igiyar tamau. Ya laluba ƙullin, ya jiƙe ya kumbura, faratansa suka karye a banza. Sai ya rungume yarinyar da hannu ɗaya, ya cusa wuƙa ƙarƙashin ruwa, ya yi ta gurzawa. Igiyar tana ta birgima a ƙarƙashin bakin wuƙar. Ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Ruwa ya kai mata ƙirji.

Ya ɗaga ido, ya hangi wani falalen dutse a gaɓa, ba nisa. Amma wasa wuƙa hannu biyu yake so, dutsen kuma ba zai zo wurinsa ba.

Yarinyar ta ga inda yake duba. Ta ƙanƙame wuyansa, ta ce, “Baba, kada ka sake ni.”

“Kyauta, riƙe kututturen nan. Ɗaga kanki sama.”

“Baba, kada ka sake ni!”

Da hannunsa ya ɓamɓare yatsunta daga wuyansa, ɗaya bayan ɗaya. Ya juya mata baya.

Ya durƙusa a kan dutsen. Bai taɓa wasa wuƙar girki ba, kashewa kaɗai ya taɓa yi. Ya tuna yadda matarsa ke kwantar da bakin, ya kwantar, ya ja, ya juya, ya ja. A bayansa ana kira, Baba, Baba. Ya gwada a gefen rigarsa, ba ta ci ba. Ya sake ja. Sai kiran ya tsaya. Bai waiwaya ba, gama ya sani in ya waiwaya zai koma da wuƙar da ba ta yanka. Ya ci gaba da ja yana kuka, har ta tsaga rigar.

Da ya koma, ba ya ganin komai sai yatsu a jikin kututture. Ya nutsa, ya sami igiyar, ya ja sau ɗaya, ta rabu. Ruwa ya tafi da akuya. Ya fito da 'yarsa a kafaɗa, jikinta a sake, ya kifa ta a kan ciyawa yana danna bayanta yana kiran sunan Ubangiji. Can sai ta amayo ruwa, ta yi tari, ta buɗe ido.

Da ta iya magana, ta dube shi, ta ce, “Baba, don me ka sake ni?”

Mutumin ya rungume ta a ƙirjinsa.

To, yara, da ku iyaye da kuke zaune a baya, ma'anar misalin nan ke nan. Wuƙar ita ce Maganar Allah da aka ba kowane gida. Tana da kaifi, wani lokaci takan yanke mu, ta taɓa ƙaryarmu da fushinmu da abin da muka ɓoye. Da yawanmu in ta yanke mu sau ɗaya, ba ma koyon riƙe ta, sai mu kashe mata kaifi. Mu zaɓi wuraren da ba sa mana zafi, sauran mu tsallake. Ba mu yar da ita ba, tana nan a soke a ɗaki, mai shigowa zai gani ya ce gidan masu bi ne.

Dutsen gindin randa shi ne ɗan lokacin nan na kowace rana, na karatu da durƙuso, tun gari na lafiya. Aiki ne marar daɗin kallo, ba mai yaba maka. Tsatsa kuwa ba ta sallama, a cikin ruwan da aka bar wuƙa ta jiƙa take shiga.

Rafin shi ne ranar da ba a sa mata rana ba. Ba lalle hadari ya haɗu a kanka ba, a wani wuri za a yi ruwan, ya iso ƙofarka rana na haske. A ranar nan wanda kake ƙauna zai riƙe wuyanka, yana bukatar addu'a daga bakinka nan take, kai kuwa sai ka juya masa baya kana neman inda za ka wasa abin da ka bari ya dakushe. Mutumin nan Allah ya ji tausayinsa, ya sami dutse kusa, numfashin yarinyar kuma ya jira shi. Ban yi muku alkawarin kowa zai samu haka ba. Ku koma gida yau ku duba taku.

A nan zan tsaya in ce su sunkuyar da kai.

Yaya, yau da asuba na buɗe Littafi Mai Tsarki, na faɗa daidai kan wurin da ake maganar tashin matattu, wurin da aka karanta a bakin kabarinki. Na so in tsallake. Ban tsallake ba, na karanta har ƙasa, ya yanke ni sosai. Gobe ma zan buɗe, ko da yake tsoro nake ji. Wannan tsoron ban faɗa wa kowa shi ba tukuna, ko Mama.