Kwamfutar da Mardiyya Ta Lulluɓe da Bargo

Mardiyya 'yar Malam Ibrahima ma'aikaciyar jinya ce a Turba. Tana da ƙwazo da tausayi, sai dai idan ta ce ta san abu, to ka ja bakinka ka yi shiru.

Da mahaifinta ya saya mata laftof domin ƙaro karatu, sai ta riƙe ta kamar jaririya. Ba ta waiwayar caji sai kwamfutar ta mutu murus. Idan an ta da injin wuta sai ta jona ta, ta lulluɓe ta da bargo a kan katifa don gudun datti, ta bar ta wuni guda a ɗaki mai rufin kwano, da tsakiyar bazara.

Ɗan kawunta Bawa, mai gyaran waya a kasuwar Isa, ya zo gaisuwa. Ya taɓa bargon, ya janye hannu da sauri.

"Ke Mardiyya, dankali kika gasawa nan ciki? Zahi shi ka kashe batir. Ɗora ta bisa tebur ta sha iska. In ta kai kashi tamanin ki cire, kuma kada ki bari ta mutu."

Ta yi dariya ta ce, "Yaya Bawa, wa ka barin rumbu da rabi ga hatsi zube? Cika ta za ni yi."

"Allah shi kyauta," in ji Bawa.

Bayan wata tara, wata ƙungiya ta gayyace ta ganawa ta bidiyo domin gurbin karatun ungozoma kyauta. Mutum biyu kacal za a ɗauka. Sabis ba ya kamawa a gidansu, don haka ta hau babur zuwa wani tudu a hanyar Bafarawa, inda babu inuwar kirki balle wuta. Batirin ya nuna a cike yake, hankalinta kwance.

Ta amsa tambayar farko da kyau. Ta biyu a kan mai jego ce da jini ya ɓalle mata, abin da Mardiyya ta sha tsayarwa da hannunta. Tana buɗe baki, allon ya yi baƙi. Minti tara ke nan da farawa. Ta danna, ta sake dannawa, ta yi salati, shiru. Kafin ta isa wurin Bawa a Isa, an rufe ganawar.

Bawa ya kwance kwamfutar, ya tarar batirin ya kumbura kamar burodi. Bai goranta mata ba, ya dai miƙa mata ruwa. Da la'asar ta iske mahaifinta zaune a ƙofar gida, tun hantsi yake jiran ta. Ya miƙe yana murmushi.

"Ɗiyata, sun ɗauke ki?"

Wallahi abin tausayi, ta kasa ko ɗaga kai.

Darasin da ke nan shi ne, son abu ba ya maye gurbin sanin yadda ake riƙe shi. Kada ka bar batir ya mutu kafin caji, kada ka bar shi jone bayan ya cika, kuma ka nisanta shi da zafi. Idan wanda ya san aiki ya ba ka shawara, ka karɓa tun ba ta zama da-na-sani ba.