Zanen da Ya Fito a Madubin Shagon Kitso

Akwai wani kafinta da ake yi wa laƙabi da Zarto, don bakinsa ya fi zarton nasa kaifi. Shekara ashirin da biyar yana aikin katako, kuma tsakani da Allah ya iya. Halinsa ɗaya ne: in ka ba shi shawara, sai ya tambaye ka shekararka nawa kana riƙe guduma.

Ƙanwarsa ta buɗe shagon kitso, ta ce tana son babban madubi a bango. Zarto ya sayo allon MDF, katakon zamanin nan da ake yi da garin katako a matse, don ya manna madubin a jikinsa ya kafa.

Da ya je ɗaukar madubin, mai yankan gilashi ya tambaye shi da wane gam zai manna. Ya ce da gam ɗinsa mai wari mana, rawayan nan da yake manna famika da roba. Mutumin ya ce madubi yana da nasa gam, har ya miƙa hannu zai ɗauko masa a kanta. Zarto ya yi dariya, ya ce dabarar 'yan kasuwa ce, ya fice bai tsaya jin dalili ba.

Shi kuwa yana da yadda yake zuba gam tun yana koyon aiki. Sai ya ja layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji daga sama zuwa ƙasa, ya yi da'ira a tsakiya, ya ɗiga huɗu a kusurwoyi. Haka ya yi wa allon, ya ɗora madubi, ya kama gam-gam.

Bayan mako uku, ƙanwar ta kira shi. Wasu baƙaƙen tabo sun fito a madubin, kuma ba a sama suke ba, a ciki suke. Ya goge, ya kankare da farce, ko gezau.

Nan fa kansa ya ɗaure. Ya shafa bango ko akwai laima, babu. Ya hau tsani ya duba rufi, ba ya yoyo. Ya ce to gilashin ne marar kyau, ya je wani shago ya sayo sabon madubi da sabon allo, ya manna da gam ɗinsa kamar da. Wata bai cika ba tabon ya dawo.

Masu zuwa kitso kowa da nata. Wata ta ce turirin na'urar busar da gashi ne, wata ta ce man kitso ne, wata ta rage murya ta ce bakin mutane ne. Zarto ya zauna a kujerar wanke kai yana kallon madubin, fuskarsa duk tabo a ciki, ya rasa ta inda zai kama. Bai taɓa yin aikin da ya gagare shi haka ba, abin yana cinsa a rai.

Can sai ya tambaya wa ke goge madubin. Aka ce Inna mai shara ce, wata dattijuwa da ke riƙe da jikoki biyu da wannan aikin. Da ya ji da jiƙaƙƙen tsumma take gogewa, sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya ce ai shi ke nan, ruwa ne ke gangarawa baya.

Inna ta ce, "Malam, ni kuwa da za ka tsaya daga bakin ƙofa ka duba..."

"Inna, shekararki nawa kina riƙe guduma?"

Ran nan ƙanwar ta sallame ta, tana ta ba ta haƙuri. Inna ta jingine tsintsiyarta a bayan ƙofa ta tafi.

Daga nan ƙanwar da kanta take gogewa da busasshen ƙyalle. Tabon bai fasa yaɗuwa ba. Zarto ya daina bi ta layin shagon, in ya kama aiki sai ya auna abu sau uku ya manta.

Wata safiya ƙanwar ta matsa masa ya zo. Yana isowa ya tsaya a bakin ƙofa yana kakkaɓe takalmi, ya ɗaga kai. Daga nesa tabon sun haɗe. Ga layi mai lanƙwasa daga sama zuwa ƙasa, ga da'ira a tsakiya, ga ɗigo huɗu a kusurwoyi.

Ƙanwar ta ce, "Yaya, ka gani? Kamar wani ne ya zana da hannu."

Zarto ya san hannun, zubin gam ɗinsa ne.

Ya koma wurin mai yankan gilashi, murya ƙasa-ƙasa. Mutumin ya juya masa bayan wani madubi, ya nuna masa ɗan siririn shafen da ke sa mutum ya ga fuskarsa. Ya ce gam mai wari cinye shi yake yi a hankali. Allon ba ruwansa, ya karɓi gam ɗin lafiya lau, amma abu biyu ake mannawa, dole gam ya dace da kowannensu.

Zarto zai iya sake madubin ya ja bakinsa, ba mai sani. Amma tsintsiyar nan tana bayan ƙofa. Ya faɗa wa ƙanwarsa gaskiya, suka nemi gidan Inna. Suka same ta tana wankau a tsakar gida, jikokin suna miƙo mata ruwa. Ya durƙusa ya ce laifinsa ne, ya roƙe ta ta yafe masa, ta dawo bakin aikinta.

Inna ta yarfe kumfa daga hannunta ta ce, "Na yafe, ɗana. Ai ina nan ina share garin katakonka ranar da ka zuba gam ɗin. Tun tabon farko na gane zanen. Shi na so in nuna maka."

Zarto ya sake madubin da gam ɗin da ya dace. Tsohon madubin yana jingine a shagonsa har yau, ya hana a jefar.

Darasi: In abu ya ɗaure maka kai, fara duba aikin hannunka kafin ka ɗora laifi a kan wanda ba shi da bakin kare kansa, kuma ka bar mai magana ya kai ƙarshen maganarsa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wata Inna da ke jiran a saurare ta.