Geron Inna Atika a Robar Wasa

Akwai wata malamar makarantar ƙananan yara a Arkilla, cikin garin Sakkwato, ana kiran ta Khaula. Mace ce mai tsafta da tsari, ta kuma yi karatu a kan renon yara. Aibinta ɗaya: in wanda bai yi boko ba yana magana, kunne ɗaya take ba shi.

Mijinta Jelani ma'aikacin gwamnati ne. Suna da 'ya ɗaya, Adawiyya, mai shekara biyu da rabi.

Bayan kaka mahaifin Jelani, Malam Mode, ya rasu a ƙauye. Da mahaifiyar Jelani, Inna Atika, ta fita takaba, sai ta zo birni ta kwana biyu. Ta zo da wani ƙaramin buhu da aka ɗaure bakinsa da tsumma.

Da hantsi ta samu Khaula a falo tana duba waya, ta zauna ta fara yi mata bayani. Ta yi maganar rumbunsu da ya tsage, da ɓeraye, da Malam. Khaula tana jin sautin, amma idonta na kan waya.

"To Inna. To. A sa a sito."

"Kin dai ji ko, ɗiyata?"

"Na ji, Inna."

Ba ta ji ba.

Wata uku bayan haka Khaula ta shirya haɗa wa Adawiyya robar wasa irin wadda ta koya a wani taron horar da malamai. Faffaɗar roba ce ake zuba wa hatsi ko yashi, a sa cokula da ƙananan kofuna, yaro ya riƙa ɗiba yana zubawa. Yana ƙarfafa yatsu, yana koya wa yaro natsuwa.

Ta shiga sito neman abin zubawa, ta ga buhun Inna. Ta kwance. Gero ne mai manyan ƙwayoyi, amma duk ya yi furu-furu da toka.

"Mutanen ƙauye dai," ta ce a ranta. "Abinci a cikin toka."

Ta wanke shi sau uku, ta shanya. Don kada wata cuta ta saura, ta zuba a kasko ta soya shi sama-sama har ya yi ƙamshi. Sannan ta raba shi huɗu, ta rina da kalar kek: ja, shuɗi, kore da ruwan ɗorawa.

Adawiyya ta so abin ƙwarai. Takan yi awa guda tana tura hannu ciki tana dariya. Khaula ta ɗauki hotuna ta tura wa iyayen ɗalibanta, yabo ya yi ta shigowa.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Inna Atika ta sake zuwa. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Ɗiyata, ɗauko mani ajiyata. Ruwa ya kusa, gobe ni ka komawa."

"Wace ajiya, Inna?"

"Irin Malam."

Kafin Khaula ta amsa, Adawiyya ta fito tana jan robarta a ƙasa. Ta kama hannun kakarta. "Inna, zo! Zo ki gani!"

"To ƙawata, mi kinka samu?"

Tsohuwar ta durƙusa. Ta ɗebi geron a tafin hannu, ta kai kusa da ido. Ta sa ƙwaya ɗaya a baki ta ciza. Sannan ta ɗago.

"An sa mashi wuta," ta ce.

"Na ɗan soya ne, saboda tsafta. Toka ce ta yi masa yawa. Inna, in gero ne, gobe sai a sayo miki buhu guda a kasuwa, wanda ya fi wannan."

"Tokar ta hana ƙwari ce." Muryar Inna ba ta tashi ba. "Wanga ba na ci ba ne, iri ne. Tun kakan Malam shi aka shukawa a gonarmu. Yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke. Maƙwabta duk sun koma sabon iri, shi kaɗai ya riƙe shi. Bara da ciwo a jikinshi ya bi gona yana zaɓen zangarniya ɗai ɗai. Ya ce mani, Atika, kada ki bari ya ɓace. Duk na gaya maki, nan inda kike tsaye."

Khaula ta dubi robar. Ta tuna ranar, ta tuna har hoton da take kallo a waya. Maganar Inna ce kawai ba ta iya tunawa.

Ta kai hannu za ta janye robar, Adawiyya ta fashe da kuka.

"Bar ta," in ji Inna. "Ita mi ta sani? Zo ƙawata, cika mani kofi."

Suka zauna a tabarma, jika tana zubawa, kaka tana tara hannu. Hawaye na sauka a kan geron, shuɗin yana narkewa a tafin tsohuwar.

Da Jelani ya dawo ya ji, bai yi faɗa ba. Ya fita ya zauna cikin mota shi kaɗai har aka kira la'asar.

Khaula ba ta haƙura ba. Bayan tafiyar Inna ta yanke gwangwanaye goma sha biyu, ta cika da ƙasa, ta shuka daga kowace kala. Safe da yamma tana ba su ruwa. Kwana goma, ko tsinke bai fito ba. Ta sa Jelani ya kai ta ƙauye, ta bi gida gida tana tambaya ko akwai wanda Malam ya taɓa ba irin. Kowa sai ya ce, "Ayya, ai mun daɗe da barin shi."

Ta durƙusa gaban Inna ta nemi gafara. Inna ta ce ta yafe, kuma da gaske take. A daminar, Inna ta shuka irin kasuwa kamar kowa.

Da kaka ta zagayo, Jelani ya dawo daga ƙauye da buhun gero. Ya ajiye a ƙofar kicin, ya tsaya yana juya makullin mota a hannu.

"Inna ta ce a gaishe ki. Ta ce wannan na ci ne, ki yi abin da kika ga dama da shi."

"Irin da za ta shuka baɗi fa? Ba za ta kawo mu ajiye mata ba? Rumbun ai bai gyaru ba."

Jelani ya kau da kai.

"Ta kai gidan maƙwabta."

Darasi: Ku yi wa yara wasa da abin da zai buɗe musu ƙwaƙwalwa, amma kafin ku taɓa ajiyar wani, ku tambaya. In babba yana magana, a ajiye waya a saurare shi, ko bai taɓa shiga aji ba. Ana iya yafe maka laifi, amma ba lallai a sake ba ka amana ba. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan yau.